Ranar da Sarkin Maƙera Ya Kashe Wutarsa

A wani gari da ke gefen Kura, a ƙasar Kano, inda ruwan madatsar Tiga ke bin magudanai yana shayar da shinkafa da alkama da tumatir, an yi wani Sarkin Maƙera da ya gaji ƙira kaka da kakanni. Fartanya da garma da lauje da gatarin da ke garin duk daga uwar maƙerarsa suka fito. Ya san ƙarfe ciki da waje. Aibinsa guda ne: in aka taɓa masa girma, ba ya mantawa.

Cikin yaran da ya raina a maƙera akwai ɗan ƙanensa, wanda ya fi sauran hannu. Sarki ya riga ya sa rai shi zai gaje shi. Sai yaron ya tashi ya tafi birni makarantar koyon sana'a, ya dawo da injin walda da tukunyar gas da janareta, ya kafa rumfa a bakin titi. Mutane suka koma kiransa Mai Walda. Wata rana aka kai wa Sarki magana, wai yaron ya ce zamanin zugazugi ya wuce. Ko ya faɗa ko bai faɗa ba, Allah masani. Tun daga ranar, in Mai Walda ya durƙusa ya ce, "Baba, ina kwana?" sai Sarki ya ce lafiya, ya kau da kai. Hanyar bakin titi ma ya daina bi. In zai je masallacin Juma'a sai ya zaga ta bayan mahauta.

A garin akwai wani Alhaji mai jar tarakta ƙirar Massey Ferguson, ita ke yi wa rabin gari haro da huɗa. Da ruwan shuka ya sauka, manoma suka yi layi suka biya kuɗin aiki tun ba a shiga gonakinsu ba. Ana cikin aiki a wata fadama mai laka sai tayar baya ta kafe. Direba ya taka wuta, ya sake takawa, sai aka ji ƙas! Aksul ɗin dama, sandar ƙarfen da ke kai wa taya ƙarfin inji, ya karye biyu.

Da asuba Alhaji ya kama hanyar Kano, ya shiga kasuwar Ƙofar Ruwa. Ya zaga har rana ta take, bai sami irin nasa daidai ba, sai wasu guda biyu na hannu. Kaurinsu ɗaya da tsohon, haƙoran da ke bakinsu, masu shiga cikin giya su kama, adadinsu ɗaya. Sai dai sun ɗara shi tsawo da yatsa uku. Mai kaya ya ce ba ya raba su, kuma haƙoran dogaye ne, in an rage yatsa uku a baki sauran za su zauna daram. Alhaji ya biya ya kwaso.

Direba ya ce ai wannan ba sai an kai wa kowa ba. Ya ɗauko zarton ƙarfe ya hau gurza. Ya gurza har gumi ya jiƙa masa riga, ya duba, ko alama babu a jikin aksul, zarto kuwa haƙoransa sun zube. Ya canja wani, shi ma haka. Sai aka ɗora ƙarfen a baro aka tura rumfar Mai Walda.

Mai Walda ya juya shi ya duba, ya ce wannan aikin faifan yanka ne, a bi shi a hankali, zai ci rabin yini. Alhaji ya ce rabin yini kuma? Mutane na zaune a ƙofar gidansa, ƙasa na shan iska, shi ya ga ana yanka ƙarfen da ya fi wannan kauri da wutar gas kafin a gama shan shayi. Mai Walda ya yi jim, ya dubi Alhaji, ya dubi 'yan kallo, sai ya kunna gas. Nan da nan guntun ya faɗi, bakin aksul ya yi jawur. Alhaji ya ce a sanyaya masa, ba zai tsaya jiran ƙarfe ya huce ba. Mai Walda ya sake yin jim, sannan ya ɗauki bokiti ya sheƙa. Ƙarfe ya yi cuu, a cikin ƙarar kuma aka ji wani ɗan ƙis, wanda ba wanda ya kula da shi sai shi mai aikin.

Aka gyara baki, aka ɗaura, tarakta ta tashi, yara na bin ta da ihu. Ta yi yini guda tana aiki. Washegari kafin azahar ta tsaya cik a tsakiyar gona, inji na kuka, taya ba ta motsi. Da aka kwance sai ga haƙoran bakin sun farfashe, na bayansu kuma sun murɗe. Saura aksul ɗaya.

A nan ne wani dattijo ya ce wa Alhaji, tun da na zamani ya gaza, a koma wa na gado. Aka tura baro zuwa maƙera, jama'a na biye. Alhaji ya cire takalmi ya ce, "Sarki, ranka ya daɗe, mun zo da kuka."

Sarki bai ce komai ba. Ya ɗauko magagari ya goga a kan haƙoran aksul ɗin da ya rage, magagari ya zame bai ci ba. Ya ce a kawo masa tsohon aksul ɗin da ya karye a fadama. Ya kai bakin karayar wurin haske, ya nuna musu: zobe ne a gefe mai laushin gani da sheƙi, tsakiya kuma launinta daban. Ya goga magagari a tsakiyar, ya ci. Ya ce, "Wannan ƙarfen rake ne, ɓawo tauri, ciki taushi." Masu ƙera shi, in ji Sarki, da gangan suka yi haka. Fatar kaɗai suka gasa suka kashe da sauri, don haƙora su jure ci da murɗa, suka bar cikin da taushi don ya shanye girgiza kada ya tsinke. Shi ma in ya ƙera gatari, bakin kawai yake tsomawa a ruwa, ƙeya ya bar ta. Wutar gas ta warware taurin haƙoran baya, ruwan sanyi kuma ya busar da na gaba har suka tsage. Jama'a suka ce ka ji manya, yaro dai yaro ne. Maganar ta yi wa Sarki daɗi, har ya gyara zama.

Ya ce a kawo gawayin ƙirya, a tara toka a rami. Ya sa jikansa, wani ɗan shekara goma sha biyu mai bakin tsiya, ya hau zugazugi. Dabarar da zai yi kowane maƙeri ya san ta: a gasa bakin ƙarfe har ya yi ja, har mayen ƙarfe ya daina kama shi, a binne shi cikin toka ya kwana yana hucewa a hankali. Da safe zai yi laushi, zarton direba ma zai yanka shi.

Wuta ta kama, ta fara huci. Sarki ya riƙe awartaki, ya zuba wa garwashi ido, yana lissafi a zuci. Ya san in ya yi haka aiki zai yi kyau a ido. Za a yanka, a ɗaura, tarakta ta tashi, gari ya ɗauka cewa abin da ya gagari gas zugazugi ya yi shi. Ya kuma san abin da ba wanda ya sani a wurin. Zafin ba zai tsaya a yatsa uku ba, zai bi haƙoran duka ya kwance musu tauri. Za su riƙe wata biyu, wataƙila su kai kaka, daga nan su fara cinyewa, wata rana su murɗe. Ranar kuwa ba mai tuna maƙera, cewa za a yi kayan hannu ne, dama ba su da tabbas. In ya ce zai sake kashe ƙarfen a mai, wutar maƙera ba ta iya gasa fata ta bar ciki, ko dai ya bushe har tsakiya ko ya karkace. Abin da aikin ke so shi ne a yanke ɓawon nan ba tare da zafi ya shige shi ba, abin da ke yin haka kuwa yana rataye a wata rumfa a bakin titi.

Ya sa aka matso da aksul bakin wuta. Jikan yana zuga yana kallon fuskar kakansa. Can sai ya ce, "Kaka, wai wutar nan ta aksul ce ko ta Baffa Mai Walda ce?"

Aka tuntsire da dariya. Sarki ya ɗaga awartaki ya ce, "Ja'iri, zan aske maka kai da wannan." Amma bai sa ƙarfen a wuta ba. Ya daɗe shiru, har dariya ta mutu, har Alhaji ya fara duban agogo. Sannan ya ce wa yaron ya saki zugazugi. Ya ɗebi ƙasa ya rufe garwashin da hannunsa. Ya ce a mai da aksul cikin baro. Ya ɗauki magagarinsa da alli da zare, ya sa hula, ya ce wa jikan, "Tura, bakin titi za mu."

Mai Walda ya hango su tafe da jama'a, ya ɗauka an zo yi masa tsiya ne. Ya fito ya durƙusa, kansa a ƙasa. Sarki ya ce, "Tashi, ɗana. Siririn faifan nan naka na yanka, akwai saura?" Ya ce akwai biyu, Baba. Sarki ya ce, "To tada janareta. Ni na san ƙarfen, kai ke da abin yanka shi."

Aka ɗora aksul a kan kututture biyu yadda zai juyu. Sarki ya gwada da tsohon, ya zagaya zare, ya bi da alli. Ya sa aka jiƙa tsummoki aka naɗe haƙoran da ke bayan layin. Mai Walda ya sa tabarau, ya kori yara gefe, domin faifai in ya fashe ba ya zaɓen ido. Sarki ya ce kada ya nutsa faifan wuri guda, kada kuma ya danne shi ko ya karkata shi. Ya taɓa, ya ɗaga, jikan ya juya ƙarfen kaɗan, ya sake taɓawa, har tsagi ya zagayo. Tartsatsi ya riƙa fita yana fashewa a iska, Sarki ya ce ka gani, ƙarfe mai tauri ne ke irin wannan tartsatsi. Duk sa'ad da gefen tsagin ya fara launin busasshen kara, sai ya ɗaga hannu a tsaya, a sake jiƙa tsumma, a jira har a iya dafa wurin da tafin hannu.

A wata tsayawar Mai Walda ya ce a makaranta an koya musu cewa in ƙarfe ya yi shuɗi ya kai wajen digiri 300, taurinsa ya fara tafiya, mayen ƙarfe kuma yana sakinsa ne a wajen 770. Sarki ya ce shi bai san lamba ba, launi ya sani, amma ashe magana ɗaya ce. Sai ya ce, "To da ka san haka, me ya kai ka gas, har da ruwa?" Mai Walda ya ce, "Baba, Alhaji ne ya tsaya a kaina." Sarki ya ce, "Alhajin ne zai shiga cikin giya, ko ƙarfen?" Alhaji da ke gefe ya buɗe baki zai ce a ɗan hanzarta, da ya ji haka sai ya tuna bai yi la'asar ba.

Zagaye bayan zagaye, tsagi na zurfi, har tartsatsin ya canja ya rage fashewa. Sarki ya sa bakin magagari a cikin tsagin, ya ci. Ya ce an wuce ɓawo, a kashe janareta. Ya kira direba ya ce ya kawo zarton nan nasa. Direba ya ce ranka ya daɗe, ai zarto ba ya cin wannan. Sarki ya ce gwada. Ya gwada, sai ga garin ƙarfe na zuba. Kafin magariba guntun ya faɗi, da sanyinsa. Mai Walda ya bi bakin haƙoran ɗaya bayan ɗaya ya kashe musu kaifi don su shiga giya ba gardama. Sarki ya yi gwajin ƙarshe, ya goga magagari a kan haƙorin da ke dab da yanka. Ya zame, bai ci ba.

Da safe aka ɗaura. Tarakta ta gama gonakin da aka biya, ta yi jigilar kaka, ta yi haron rani, ta sake shiga wata damina da aksul ɗin nan. Da Alhaji ya kawo ladan aiki maƙera, Sarki ya ware kuɗin faifai da na fetur, ya raba sauran biyu, ya aiki jikan da kashi ɗaya bakin titi.

Aksul ɗin da gas ya ɓata kuwa bai tafi a banza ba. Ranar wata Asabar aka ga Mai Walda a maƙera ya naɗe hannun riga yana zuga. Suka gasa shi har mayen ƙarfe ya sake shi, suka binne a toka ya kwana, suka sare shi suka fitar da masaba biyu da kurfi. Masaba ɗaya ta zauna a maƙera, ɗaya ta tafi rumfa. Har yau a majalisar garin ana musu. Wasu na cewa Sarki ne ya yi aikin, wasu na cewa ba don faifan yaro ba da ba a yi ba. In aka tambayi Sarki sai ya ce a tambayi tarakta. Ran Juma'a kuma ta bakin titi yake bi.

Mai karatu, duk ranar da ka hura wuta don wani aiki, jama'a na zuga ka, ka yi wa kanka tambayar jikan nan kafin ka sa ƙarfe a ciki.