Da Muguwar Rawa Gara Ƙin Tashi

Ga tambayar yau: ya halatta mutum ya ɓoye gajiyarsa don kada a ce ya kasa?

Dubi ɗalibin da ke koyon tuƙin jirgin sama, ko a kwalejin Zariya da aka kafa a 1964, ko a wata ƙasa. Kuɗin makarantar ba kaɗan ba ne. Wani sai an sayar da gona ko an ci bashi kafin ya shiga. Bisa ƙa'idar duniya, yana bukatar aƙalla awa 40 a sama kafin lasisin farko, kowace awa kuwa kuɗi ce. Hazon hunturu kan hana shi tashi kwana da kwanaki. Ga gwajin lafiya wanda zai iya kawo ƙarshen burinsa a rana ɗaya. Ga ranar da malami zai sauka ya bar shi ya tashi shi kaɗai. A gida kuma tuni an fara kiransa matuƙi.

Duk waɗannan nauyi ne, amma akwai wanda ya fi su: tsoron kada a gane cewa ya gaji. Wannan tsoron ne kan sa ɗalibin da ya kwana bai runtsa ba ya ce wa malaminsa, lafiya lau.

Masu wannan aiki sun san haɗarin. Shi ya sa hukumar jiragen sama ta Amurka ta tanadi tambayoyi shida da matuƙi zai yi wa kansa kafin ya tashi: a kan ciwo, magani, damuwa, barasa, gajiya, da halin da zuciyarsa ke ciki. Ana duba mai, ana duba fukafukai, ana duba mutumin ma. Haka kuma ana koya wa ɗalibi cewa idan saukarsa ba ta daidaita ba, ya ƙara wuta ya koma sama ya sake zagayowa. Ba a ɗaukar wannan a kan abin kunya. Ana ɗaukarsa a kan hankali.

Wani zai ce, ai jimiri shi ne hali nagari, kuma wanda ke janyewa duk lokacin da gabansa ya faɗi ba zai taɓa koyon kome ba. Gaskiya ne. Amma jimiri daban, ƙarya daban. Mai jimiri yakan faɗi halin da yake ciki, sa'an nan ya bar wanda ya fi shi sani ya auna. Mai ɓoyewa kuwa yakan yanke hukunci shi kaɗai a kan rayukan da ba nasa ba.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, wataƙila ba za ka taɓa riƙe jirgi ba, amma kana riƙe da mota, ko aji, ko majiyyaci, ko iyali. Wane nauyi kake ɗauke da shi wanda ba wanda ya sani? Yau, nemi mutum ɗaya amintacce ka gaya masa gaskiya tun kana ƙasa.