Ranar da Niki Lauda Ya Ajiye Sitiyari

A ranar 24 ga Oktoban 1976, ruwa ake kamar da bakin ƙwarya a filin Fuji na Japan, inda ake tseren ƙarshe na gasar Formula One ta shekarar. Niki Lauda, ɗan Austiriya mai tuƙa Ferrari, ya fi James Hunt na McLaren da maki uku. Zagaye biyu kawai ya yi, ya shigo da motarsa ya sauka. Hunt ya zo na uku, ya ɗauki kambun da maki 69, Lauda na da 68.

Jaridun Italiya, ƙasar Ferrari, suka yi masa ca, wai tsoro ne. Mai imani da ƙaddara ma zai iya tambaya: tunda ajali ba ya gaba ba ya baya, mene ne abin gudu?

Tambayar ta tsallake ranar 1 ga Agusta. Kafin tseren Nürburgring na Jamus, Lauda ya nemi direbobi su ƙaurace saboda haɗarin filin, aka rinjaye shi. Ya shiga, motarsa ta kama da wuta. Wani direba, Arturo Merzario, ne ya kutsa hannu cikin wutar ya kwance masa bel. Fuska da kunne sun ƙone, hayaƙi ya ɓata huhu, har aka kira limamin coci ya yi masa addu'ar ƙarshe. Bayan mako shida sai ga shi a tseren Monza, jini na tsattsafowa ta bandejin kansa, ya zo na huɗu. Matsoraci ba ya komawa sana'ar da ta ƙone shi da ɗanyen ciwo.

Malamai sun daɗe suna raba tawakkali da ganganci. Ƙaddara a ɓoye take, ba wanda aka ɗora wa saninta. Abin da ido ya gani kuma hankali ya auna, a kansa za a tambayi mutum, domin rai amana ce. A Fuji, Lauda ya ga ruwa kwance a kan kwalta, feshin tayoyi ya rufe hanya, ga fatar idonsa da wuta ta lalata. Ya auna, ya tsaya, kuma daidai ya yi. Wani direba, Emerson Fittipaldi, ma ya janye a ranar.

Injiniyan Ferrari, Mauro Forghieri, ya ba shi mafita: a ce wa 'yan jarida wutar lantarkin motar ce ta samu matsala. Da ya yarda, da wannan ƙarya ta rufa masa asiri a Italiya. Lauda ya ƙi, ya ce a faɗa musu shi ne ya ga dama ya tsaya.