Garkar Bayan Ɗaki: Wa'azin Farkon Damina



Bazara ta kusa ƙarewa, hadari ya soma haɗowa daga gabas. Kowane magidanci a Kudan da Hunkuyi, har Makarfi da Ikara, hankalinsa ya koma kan babbar gona, wato masara da dawa da waken soya da rake. Haka ya kamata. Amma yau ina so mu dubi ɗan filin nan na bayan ɗaki inda ake zubar da toka da shara, wurin da iyayenmu mata suka saba yin garka.

Allah ya albarkaci ƙasarmu da fadama. Da rani manyan motoci sukan tashi daga nan maƙare da kwandunan tumatir zuwa Legas da sauran biranen kudu. Amma a watan Yuli da Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, matar wanda ya yi lodin motar nan ita ce take juya 'yan kuɗi a hannu tana neman abin da za ta kaɗa miya. Kuɗin tumatir ya tafi wajen taki da bashi, wani lokaci kuma, mu faɗi gaskiya, wajen mai burkutu. Kun kuma tuna shekarar 2016, da tsutsar nan da manoma suke kira sharon ta cinye gonakin tumatir, har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin. Gidan da yake da kuɓewa da yakuwa da zogale a bayan ɗaki bai ci tuwo gaya ba.

Littafin Farawa, sura 2 aya 15, ya nuna mana cewa aikin farko da Allah ya ba Adamu shi ne noman gonar Aidan da kiyaye ta, tun kafin zunubi ya shigo duniya. Saboda haka kada wani namiji ya ce garka aikin mata ne, ya fi ƙarfinsa. Alayyafo yakan isa tsinka cikin wata guda, kuɓewa ta soma 'ya'ya cikin wata biyu, kabewa ta hau danga da kanta. Abin da uwargida take bukata daga wurinka kaɗan ne: kunya biyar ko shida, kwando biyu na takin gida da ya ruɓe, da shingen kara mai ƙarfi. Yaron da yake cin ganye kullum jininsa ba ya yin ƙasa da sauri. Ma'aikatan asibiti suna faɗa mana haka, kakanninmu ma sun sani.

Akwai wuri guda a Littafi Mai Tsarki inda lambun ganye ya jawo jini. A Littafin Sarakuna na Fari, sura 21, Sarki Ahab ya yi ƙyashin gonar inabin Nabot domin tana kusa da fadarsa, yana so ya mai da ita wurin shuka kayan miya. Nabot ya ƙi sayar da gādon kakanninsa. Yezebel ta sa aka yi masa shaidar zur, aka jajjefe shi har ya mutu, Allah kuwa ya aiko Annabi Iliya da hukunci a kan gidan sarki. Ba mu da Ahab a cikinmu, amma muna da 'yan'uwan miji waɗanda, tun ba a gama zaman makoki ba, sukan raba filin marigayi su hana gwauruwarsa ko taku goma na bayan ɗakinta. Wanda ya yi haka, ya mayar mata kafin shuka ta wuce, sa'an nan ya matso ga bagade.

Sai kuma batun awaki. Kowace shekara katikis da dattawan ikilisiya sukan ɓata Lahadi suna sulhunta maƙwabta saboda akuya ta cinye ramar wata. Da zarar an yi shuka, a ɗaure dabbobi. In taka ta yi ɓarna, ka biya ba tare da an kai ka gaban mai unguwa ba.

Ranar 15 ga Mayu muke tunawa da Waliyyi Isidor, ɗan ƙodagon gona na Madrid a ƙasar Sifen, majiɓincin manoma. Ranar Lahadin da ta fi kusa da ita, kowane gida ya kawo irinsa a ƙwarya domin a sa masa albarka bayan Misa. Ina roƙon Zumuntar Mata Katolika su tattara rarar irin kuɓewa da rama da barkono su raba wa waɗanda ba su ajiye ba, matasa kuma su zo da lauje da igiya, gama akwai tsofaffi da dangarsu ta faɗi tun iskar bara.