Rinin Ƙwai da Rinin Zane



A Turai bikin Ista kan zo da tohon itatuwa. Mu a Dawakin Kudu cikin zafin bazara yake iske mu, gonakin rani na Kura da Bunkure kaɗai ke kore shar da ruwan madatsar Tiga.

Kiristocin Girka da Rasha sukan dafa ƙwai da ɓawon albasa har ya yi ja, domin tunawa da jinin Ubangiji. Fasa shi kuwa alamar buɗewar kabari ce. Albasa ba ta yi mana wuya ba. Mu rina wa yaranmu, mu bayyana musu ma'anarsa.

Amma rinin ƙwai a ɓawo yake tsayawa. Marinan Kura sukan tsoma zane cikin baba, su fitar ya sha iska, su sake tsomawa, har launin ya kama zare. Irin wannan rini Baftisma take nufi da mu. Wanda ya sa sabon kaya ya zo Misa, alhali yana gaba da maƙwabcinsa saboda rabon ruwan gona, ɓawo kawai ya rina. Mu sulhunta tukuna, sa'an nan mu sabunta alkawaran Baftisma a daren Ista.

Salamar Ubangiji ta kasance tare da mu duka. Amin.