Sharhin Baiti: Tafakkuri ko Waswasi?

Mai shiru, zuciyarka rijiya ce mai zurfi,
In babu guga, da ƙishirwa za ka kwana.

Ya ɗan'uwa, ka sani a zawiyoyin Garwa ba a rasa almajirin da ba ya son taro. Bayan wazifa sai ya keɓe a bakin Binuwai yana tambayar ransa: don me aka halicce ni? Waɗansu sukan ce waswasi ne, su tsawata masa har ya daina zuwa. Wannan kuskure ne. Irin wannan tambaya ce ta fitar da Imamu Gazali, Allah Ya yi masa rahama, daga makarantar Nizamiyya ta Bagadaza a shekara ta 488 bayan Hijira, daga baya ya wallafa Ihya'u Ulumiddini.

Ga ma'auni: tafakkuri yana ƙara maka tsoron Allah da tausayin bayinSa, waswasi kuwa yana nauyaya maka salla, ya sa ka raina mutane.

Guga shi ne malami. Modibbo Adama sai da ya je Barno neman ilmi kafin ya karɓi tuta. Kai ma kai tambayarka gun malami. Kai kuma malam, kada ka kore shi. Wallahu a'alamu.