Yaron da Ke Kan Benci

Karatu: Yakubu 2:1-9, 2 Timoti 2:5

Tambayar da za mu yi nazari a kai yau ita ce: idan aka danƙa wa babba yara ya koya musu wasa, me ake bin sa bashi, kofi ko yaran?

A Amurka akwai wasan da ake kira besbol. Kowace ƙungiya tana da 'yan wasa tara a fili. Ɗaya yana jefa ƙwallo, abokin hamayyarsa yana ƙoƙarin maka ta da sanda. In ya same ta sai ya ruga ya bi tasha uku ya dawo inda ya tashi, ƙungiyarsa ta sami maki. In ya kuskure sau uku, ya fita. A shekarar 1939 wani mutum mai suna Carl Stotz ya kafa wa yara gasar wannan wasa a garin Williamsport na jihar Pennsylvania, da ƙungiyoyi uku kacal. Ita ce Little League, wadda yau ta bazu zuwa ƙasashe da yawa. Masu horar da yaran 'yan sa kai ne, yawancinsu iyaye, ba a biyan su ko sisi. Duk da haka, abin kunyar da ya taɓa faruwa a wannan gasa, in ka bi sawunsa, a ƙofar manya yake ƙarewa.

Dubi abin da ya faru a 2001. Wata ƙungiya daga unguwar Bronx ta birnin New York ta zo babbar gasar shekara da wani mai jifa, Danny Almonte, wanda ya gagari kowa. A wasa ɗaya babu yaron da ya ko isa tashar farko. Gasar ta 'yan shekara 12 zuwa ƙasa ce, amma bincike ya nuna an haife shi a 1987, takardar da aka gabatar kuwa ta ce 1989. Aka soke dukan nasarorin ƙungiyar. A 2014 wata ƙungiya daga Chicago ta zama zakarar Amurka, a watan Fabrairu 2015 aka ƙwace kambin, domin manya sun sauya taswirar yankinsu don su kwaso gwanaye daga wasu unguwanni. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Amma ka lura da wanda ya sha kunyar: yaran da suka yi gumi a fili, waɗanda ba su ne suka riƙe alƙalami ba. Mu ma ba baƙi ba ne ga wannan ciwo. Saboda rage shekaru a ƙwallon ƙafa ne FIFA ta fara ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannun 'yan wasa a gasar 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Nijeriya a 2009.

Manzo Bulus ya tuna wa Timoti cewa ɗan wasa ba ya samun kambi sai ya bi ƙa'idar wasan. Wannan kowa ya yarda da shi, domin maguɗi a fili yake. Akwai rashin adalcin da ya fi shi ɓoyuwa, shi ne son kai wajen zaɓe. Koci yana da ɗa a ƙungiya, sai ɗan ya zama mai jifa kullum, ko ya iya ko bai iya ba. Ɗan mai kuɗin da ya saya wa ƙungiya riguna ba ya taɓa zama. Wani yaro kuwa yana zuwa atisaye a kan lokaci, uwarsa ta wanke masa riga, ya ƙare yini a kan benci. Yakubu ya tsawata wa ikilisiya a kan ba mai zoben zinariya kujera mai kyau a bar matalauci a tsaye, ya kuma kira wannan zunubi. Ka tuna gidan Yakubu ɗan Ishaku: riga ɗaya da uba ya fifita Yusufu da ita ta haifi ƙiyayyar da ta kai shi rijiya. Yara suna ganin bambanci tun kafin su iya faɗar sunansa.

Shugabannin Little League sun san zuciyar ɗan adam, shi ya sa suka yi dokoki don kare yara daga masu horar da su. Akwai dokar da ta ce dole kowane yaron da ya zo wasa ya shiga fili, ya kuma riƙe sanda aƙalla sau ɗaya. Daga 2007 aka fara ƙirga jifa: ɗan shekara 11 ko 12 ba zai wuce jifa 85 a rana ba, sannan dole ya huta na wasu kwanaki. Dalili shi ne ƙasusuwan yaro ba su gama ƙwari ba, kocin da ke yunwar nasara kuma zai iya lalata masa gwiwar hannu da kafaɗa tun bai girma ba.

To, idan koci ya kiyaye duk waɗannan dokoki, ya fita hakki ke nan? A 2006, a jihar Utah, 'yan shekara tara da goma suna wasan ƙarshe na gasarsu. Saura yaro ɗaya ya fita wasa ya ƙare, tazarar maki ɗaya ce. Gwanin ƙungiyar da ke baya ya zo bugu. Sai masu horar da ɗaya ɓangaren suka sa a jefa masa ƙwallo nesa da gangan, ya wuce tashar farko kyauta, domin a fuskanci na bayansa, yaro marar ƙarfi da ya yi fama da ciwon daji. Yaron ya kuskure sau uku, ya fita da hawaye, suka ɗauki kofi. Ba su karya doka ko ɗaya ba.

Aka yi ta muhawara a ƙasar. Wasu suka ce dabara ce da ƙwararru ke yi kullum, kuma yaran ƙungiyar da ta ci su ma suna da hakki a kan kocinsu. Wasu ma suka ce tausaya wa yaron a fili raini ne, gara a ɗauke shi kamar kowane ɗan wasa. Kada ka yi saurin watsar da wannan magana. Neman nasara ba laifi ba ne, yaro kuma yana bukatar ya koyi shan kaye ba tare da ya karaya ba. Amma ƙwararru manya ne da ake biya, wasan sana'arsu ce. Waɗannan yara an kawo su ne su koya, su ji daɗi. Darasin da aka ba su a ranar shi ne: in kana son ci, ka kauce wa mai ƙarfi, ka nemi inda rauni yake ka danna. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya ga babba ya yi haka an tafa masa, zai tafi da shi kasuwa, ya tafi da shi ofis, ya shiga da shi gidan aure.

Doka tana nuna maka iyakar da ba za ka ƙetare ba. Ba ta isa ta ba ka zuciyar makiyayi ba. Bulus ya gaya wa Korintiyawa cewa abu yana iya zama halal amma bai gina kowa ba. Ya kuma koyar cewa gaɓoɓin jiki da ake gani raunana su ne ba a iya yi sai da su. Ma'aunin koci na gari shi ne yaron da ya fi kowa rauni a ƙungiyarsa: shin ya dawo baɗi da murna, ko ya jefar da sandar har abada?

Wataƙila ba ka taɓa ganin filin besbol ba, amma akwai yara a hannunka. Kai ne malamin makarantar Lahadi mai raba wa yara wasan kwaikwayon Kirsimeti, ko shugaban ƙungiyar mawaƙan yara, ko mai kula da ƙwallon matasan ikilisiya. Wa kake ba dama kullum, wa kake mantawa? Ka taɓa sa sunan wanda ya wuce shekaru don kada a kunyata ikilisiyarku? Me yara suke ji daga bakinka idan alƙalin wasa ya yi kuskure? A wannan mako ka nemi yaron da ya fi daɗewa a kan benci, ka kira shi da sunansa, ka ba shi wuri.

Addu'a: Ya Uba, kai da ba ka nuna bambanci, ka tsarkake zuciyata daga son yabo da son kai. Ka buɗe idona in ga yaron da kowa ya manta. Bari Ruhu Mai Tsarki ya koya mini gaskiya ko da za ta sa in rasa kofi. Cikin sunan Yesu, amin.