Ɗakin masaƙi, masaukin baƙo

A ƙauyen Bibury, cikin yankin Cotswolds na Ingila, akwai jerin gidajen dutse da ake kira Arlington Row. An yi ginin wajajen shekarar 1380 don ajiyar ulu, a ƙarni na 17 kuma ya zama mazaunin masaƙa. Yau yana hannun ƙungiyar National Trust, wadda ke ba masu hutu hayar gida ɗaya daga ciki.

Shin wanda ya biya kuɗi ya kwana ɗakin talakan dā, girmama tarihi yake yi, ko sayen sa? Ƙuncin da masaƙi ya jure bisa tilas, shi baƙo ke nema don marmari. Sai dai kuɗin nan ne ke gyaran rufi, kuma gidan da babu mai kwana cikinsa kango zai zama.

Illar tana ga wuce gona da iri. Idan kowane gida ya koma masauki, haya za ta yi tsada, ƴaƴan gari su yi ƙaura, baƙo ya iske bango babu maƙwabci. Baƙunci ba ya yiwuwa sai da mai gida. Adalcin Arlington Row ke nan: gida guda na baƙi, saura na mazauna.